Giwar da Ta Kwanta a Kan Kwalbatinmu

Yau da hantsi wandona ya yage, kuma ba a wurin faɗa ba, ba a wurin gudu ba. A jikin tankar yaƙi ya yage. Ina ɗauke da buhun masara a ka, na zo raɓawa ta ɗan tsukin da ya rage tsakaninta da bakin kwalbati, sai wani ƙarfe ya cafke ni ta baya. Buhu ya yi gabas, hula ta gangara kwazazzabo, ni kuma na tsaya riƙe da abin da ya saura na mutuncina. Matan unguwa suna can bisa tankar suna juya shanyar tattasai, suka yi ta jera mini sannu. Mai ɗakina Maijidda tana cikinsu. Ita ko sannun ba ta yi ba, cewa ta yi in bi a hankali kada in kifar mata da faifai.

Na san mai karatu na birni zai ce yau kuma Ɗanasabe ya tashi da zuƙi-ta-malle, me ya kai tankar yaƙi hanyar gona. To, zauna in warware maka. Ƙauyenmu yana tsakanin Ƙarfi da Gozaki, gonata ta gado kuwa tana hayin kwazazzabo. Hanya ɗaya tak amalanke ke bi zuwa can, wani burtali ne da ya hau ta kan kwalbati. Bana Allah ya ba mu damina, masara ta yi kyan da na daɗe ban gani ba. Na karye ta, na tara a tsakiyar gona, saura kwasowa. Abincin gidana na shekara ke nan zube a ƙasa, gara na lallaɓo shi ta ƙarƙashi, ruwan ƙarshen damina na hararar sa ta sama, ga kuma mutanen daji, waɗanda ba sa noma amma sun fi kowa sanin ranar girbi.

Saboda mutanen dajin nan ne muka daɗe muna kuka. Manya kuma, Allah ya ƙara musu girma a kan girma, suka ji kukanmu. Rannan sai ga wata ƙatuwar mota ta sauke mana tankar yaƙi a bakin titi. Aka kafa rumfa, aka yi jawabai, aka yanka ƙyalle, aka ce daga yau mu yi barci har da minshari. Wallahi na yi murna, har na ji ƙwalla. Aka tayar da ita, ƙasa ta ɗauki rawa, kaji suka watse. Ta kamo burtali tana gurnani tana hayaƙi, mu kuma muna biye muna kabbara. Tana hawa kan kwalbati ta yi tari, ta sake yin tari, ta yi shiru. Kafin a juya manyan baƙi sun kai Malumfashi. Tun ranar take nan, ta cika kwalbatin dam, mai ƙafa ya raɓa, mai babur ya lallaɓa, mai amalanke kuwa ya koma gida. Muka sa mata suna Giwa.

An bar mana sojan da ya tuƙo ta ya yi gadinta, Kofur Zainulabidin, mutum mai fara'a da kunya, wanda yanzu ya zama ɗan gari har ana kai masa tuwo. Shi na fara tara da maganar.

Na ce, "Kofur, wai yunwa take ji ne? In mai ne, ni da na kwana biyu a layin gidan mai a Funtua saboda galan ɗaya, na san zafin abin. Sai mu yi karo-karo."

Ya ce, "Baba, ba mai ba ne. Zafi ne ya kama ta. A ƙasar da aka ƙera ta ƙanƙara ke zuba, saboda haka akwai abin ɗumama ɗaki a cikinta, kuma da an tayar da inji shi ma ya tashi. Ranar da na tuƙo ta, ƙwai na sa a aljihu, kafin mu iso nan ya dahu."

"To a kashe abin ɗumamar mana."

"Ba a sayo ta da makashinsa ba, wannan a wata kwangilar yake. Yanzu ma wani ɗan ƙarfe ne ya ƙone a ciki, bai fi goro girma ba."

Na ce ai abin ya zo da sauƙi, akwai bakanike a Bakori da ke tayar da tarakta wadda ta shekara a mace. Kofur ya kama baki. Ya ce an rubuta a yarjejeniya, duk wanda ya kwance ko ƙusa ɗaya in ba mutanen da suka ƙera ta ba, ya jawo wa ƙasa shari'a. Su kuma masu ƙerawar ba za su zo ba sai an sa hannu, mai sa hannun kuwa ya tafi ƙasar waje ganin wata sabuwa. Na ce to ko ba ta tafiya ai tana da igwa, a juya bakin ya kalli daji, ko tsoro a ji. Ya sunkuyar da kai ya ce harsasan suna nan jibge a ma'ajiya, sai dai daga wata ƙasar daban aka sayo su, sun fi bakin igwar ƙiba.

Giwa a garin wani zomo, in ji masu magana. Ni dai ban taɓa ganin zomon da ya tare hanya haka ba.

Na kai ƙara wurin maƙwabcina Malam Aƙilu, dillalin shanu a kasuwar Bakori, ina zaton zai taya ni baƙin ciki. Muka je ya zagaya Giwa, ya ƙwanƙwasa cikinta, ya leƙa ƙarƙashinta, ya ja da baya yana kaɗa kai. Sai na ga idonsa ya kawo ruwa.

Ya ce, "Ɗanasabe, duk wanda ya haɗa cinikin nan, ubangidana ne a sana'a. In na gan shi sai na durƙusa. Ni nan na taɓa sayar da sa mai ido ɗaya, na tsayar da shi jikin katanga ta ɓangaren makahon idon, har yau ina alfahari da abin. Amma a sayar wa mutum abin da ba ya tafiya, ba ya harbi, a kuma hana shi gyarawa, ya karɓa har da makaɗa? Wannan baiwa ce."

Na ce, "Ka ji tsoron Allah, Malam. Masarata tana can."

"Ina jin tsoronsa. Amma ka duba, shi fa wanda ya zaɓa ba shi zai hau ba, wanda ya biya ba daga aljihunsa ba, wanda zai hau kuwa ba a tambaye shi ba. Da haka kasuwar Bakori take, da yanzu ina da bene."

Su kuwa mata, tun a makon farko suka gano abin da manya ba su gano ba. Ƙarfen Giwa in ya sha rana, tattasan da ke cin kwanaki a kan tabarma wuni ɗaya yake bushewa, ba ƙasa, ba akuya, don akuya ba ta iya hawa. Tsohuwa, wadda ita ce uwar matan unguwarmu, ta raba musu wuri: gaba na masu tattasai, baya na masu kuɓewa, doguwar igwar kuma ta shanyar zannuwa. Har daga Gozaki ake kawo kaya. Na ce wa Maijidda ta tuna fa tuwon da za a ci da miyar yana hayi. Ta ce ita ba ita ta ajiye Giwa ba, kuma abin da Allah ya kawo har ƙofar gida ba a yi masa butulci.

Ana cikin haka sai rediyo ya ce manya sun farga. Wai an gano akwai gyara a yadda ake sayen manyan makamai, an kafa kwamiti, kuma kwamitin ba zai zauna a ofis ba, zai bi makaman har inda suke ya ji daga bakin jama'a. Na ce Alhamdulillahi, ihu bayan hari ma ai ya fi shiru. Dattawan gari suka taru a ƙofar masallaci suka ce ni zan yi magana, tunda ni abin ya fi ci, kuma kowa ya shaida bakina ba ya da linzami.

Na shirya, mai karatu, na shirya ƙwarai. Shanun huɗata, Duna da Fari, waɗanda suka samu hutun da ba su nema ba, su na riƙa yi wa jawabi kullum da safe. Na ce zan gaya wa manya su daina cinikin biri a sama. Mu nan ko san huɗa za mu saya, sai an ɗaura masa karkiya ya ja garma a irin ƙasar da zai yi aiki, ba a ƙasar mai sayarwa ba. Wanda zai riƙe garmar shi ke cewa ya yi ko bai yi ba. Kuma ba ma sayen sa a hannun dillalin da ba mu san ƙofar gidansa ba, shi ya sa Malam Aƙilu yake kai masu ido ɗayansa kasuwanni masu nisa. Zan ce kada a ƙara sayen abin da bakanikenmu ba shi da izinin taɓawa. Babbar shawarata kuwa, duk wanda zai sa hannu a sayi irin Giwa, a fara saka shi a ciki da rigarsa da malum-malum, a rufe, a tuƙa shi daga Funtua zuwa Malumfashi da azahar a watan bazara. In ya fito da sauran ƙarfin riƙe alƙalami, ya sa hannu. Duna ya kaɗa kunne, na ɗauka ya amince.

Ana jibi za su zo aka turo masu fenti. Suka kwashe wa mata shanya, suka wanke Giwa, suka shafe ta, ta fito tana ƙyalli. Har burtalin aka share. Ban taɓa sanin akwai mai tausayin burtalinmu haka ba.

Ranar kuwa motoci suka yi jerin gwano har gindin kwalbati. Shugaban kwamiti ya fito, wanda zan kira Mai Girma Sarkin Sa Hannu, Garkuwan 'Yan Kwangila, Allah ya ja zamanin alƙalaminsa. Ni na zaci zan ga mutum mai ɗaure fuska, in ji daɗin zazzage masa. Sai ga bawan Allah ya tuɓe takalmi a bakin tabarma, ya russuna, ya kama hannuna da hannu biyu.

Ya ce, "Baba, mun same ku lafiya? Ya iyali? Ya aka ji da damina?"

Na ce, "Lafiya lau, ranka ya daɗe. Damina ta yi kyau."

Maijidda ta aiko da fura a sabuwar ƙwarya. Ya karɓa ya sha har ya kaɗa ludayi, ya ce rabonsa da irin wannan fura tun kakarsa na da rai. Jama'a suka ji daɗi. Sannan ya goge baki, ya nuna Giwa, ya ce, "To Baba, ya kuka ga ɗan abin da muka kawo muku? Ina fata dai ba ta ba ku wata wahala."

Yanzu don Allah, kai mai karatu da aka haifa a ƙasar nan, ka gaya mini. Baƙo ya tako har garinku, ya tuɓe takalmi, ya kira ka Baba, ya sha furar matarka, ga dattawa zaune, ga jama'a tsaye, ya tambaye ka kyautar da ya kawo. Da wane bakin za ka ce masa kyautarsa ta zame maka ƙaya? Ba a yi mana wannan tarbiyyar ba. Jawabin da na yi wa shanu yana nan cikina yana tafasa, amma abin da ya fito shi ne, "Wace wahala, ranka ya daɗe? Sai godiya. Sai dai abin da ba a rasa ba."

Duk wanda ya san magana ya san in mutum ya ce sai abin da ba a rasa ba, to akwai abin, kuma ana so ka matso ka sake tambaya. Dattawa suka gyara zama, sun san na buɗe ƙofa. Mai Girma ya ce, "Haka ne, haka rayuwa take," ya juya wurin Kofur.

"Soja, ya motar?"

Kofur Zainulabidin ya ƙame, ya dubi manyansa da ke tsaye bayan Mai Girma, ya ce, "Komai daidai, ranka ya daɗe." Ban ga laifinsa ba, shi ma da irin tasa tarbiyyar.

Na sake gwadawa. Na ce, "Masararmu ma tana can hayi, tana gaishe ku."

Ya ce, "Muna amsawa, muna amsawa. Allah ya sa albarka."

Sai Tsohuwa ta matso da sandarta, ba wanda ya kira ta. Ta ce, "Ɗan nan, ni roƙona ɗaya. Don girman Allah kada ku ɗauke mana ita. Tun da nake ban ga abin da ya amfani mata irinta ba." Mata suka ɗauki guɗa. Na ga wani mai tabarau a gefen Mai Girma yana ta danna waya, bakinsa har kunne.

Duk da haka hankalina bai tashi ba, don na san inda ake maganar gaskiya. A garinmu ba a faɗa wa baƙo abu mai nauyi a kan tabarma. Sai ya tashi tafiya, ka ɗauki sandarka ka yi masa rakiya, ku wuce gidaje, ku wuce rijiya, ku kai wajen gari inda ba kunnen kowa, sannan ka ja ka tsaya ka ce, "Af, na ce ba." A nan ake neman aure, a nan ake kashe rigimar gona, a nan ake gaya wa mutum ɗansa ya fara ɗauke-ɗauke. Haka na ga ubana yana yi, haka kowa ke yi. Na tanadi jawabina tsaf domin rakiya.

Aka yi addu'a aka shafa. Mai Girma ya sa takalmi, na miƙe na ce, "Bari in taka maka, ranka ya daɗe." Ya ce ya gode. Muka taka, ban gama gyara murya ba sai na ga ƙofar mota a buɗe a gabanmu. Ashe har bakin tabarma aka kawo ta. Ya shige, aka rufe, gilashi baƙi ƙirin, jiniya ta ɗauka. Na ce, "Af, na ce ba," amma ƙurar mota na gaya wa.

Na bi su da gudu, ni da furfurata, ina ɗaga hula ina kiran a tsaya. Gilashin ya ɗan sauka, hannu ya fito ya ɗaga mini, ya koma. Mai ɗaukar hoto da ke motar baya ya samu abin da yake so. An ce hotona yana nan yana yawo a waya, ga hula a sama, ga baki a buɗe, an rubuta a ƙasa wai manomi ke nan cikin farin ciki.

Na dawo ina haki na tarar da Malam Aƙilu yana jirana. Ya ce, "Ka yi ƙoƙari. Amma laifinka ne, da ka ce su ajiye motocin a bakin titi." Na ce ai ban san akwai baƙon da ba a yi wa rakiya ba. Ya ce shi ya daɗe da sani, shi ya sa in ya sayar da sa ba ya tsayawa sallama.

Baƙin ciki dai na yi shi, ba zan ɓoye ba. Ba Mai Girma ne ya fi ba ni haushi ba, bakina ne, wanda ya iya yi wa shanu tsawa amma ya ga ƙwaryar fura ya mutu. Washegari na fara kwaso masara da ka, buhu ɗaya in raɓa ta gefen Giwa, in dawo in ɗauki wani, Duna da Fari suna kwance a inuwa suna tuƙa suna kallona. Ta ƙasan tarin gara ta riga ta ci rabonta, ruwa ya taɓa gefe guda ya fara baƙi. Abin da ya saura nake tsere da shi kafin mutanen daji su zo auna nasu. Kofur yakan taya ni ɗauka in ya ga na galabaita, yana yi yana ba ni haƙuri kamar shi ya sayo ta.

Jiya kuma rediyo ya kawo sakamako. Kwamiti ya gama aiki, ya ce a duk inda ya zaga bai ga makamin da jama'a suka yaba kamar namu ba, soja ya ce daidai, manoma sun ce sai godiya, mata sun roƙi kada a ɗauke. Saboda haka an gyara tsarin saye: daga yanzu ba za a ƙara ɓata lokaci wurin gwaji ba, irin Giwa za a riƙa sayowa, kuma yankinmu ne zai fara samun ƙari. Maijidda ta ce in na samu hanya in gaya musu su zaɓo mai shimfiɗaɗɗen baya, don kuɓewa tana gangarowa daga wannan.

Ni ma ina da nawa roƙon, tunda a takarda ba fura ba tabarma. Ranku ya daɗe, na shaida Giwa tana tare hanya, don ni ta tare, kuma tun da ta zo ko ƙwayar masara ba ta wuce ta a amalanke ba. In sabuwar ta iso, don Allah a wuce da ita can bayan gonata, a kan hanyar da ta fito daga daji, a bar ta ta mutu a can.

Wandon kuma na ba Maijidda ta ɗinke. Ta ce sai ta sauko daga shanya.